DAGA ZUCIYATA: Ɗan'uwa Rabin Jiki, Ko a Cikin Wasan Gem

Ina gaida 'yan makaranta da suka koma aji, da waɗanda suke zaman jiran sakamako, da amare da uwayen gida masu karɓe mujallar daga hannun ƙannensu da sunan za su duba shafin girke-girke, alhali mun san shafin da suke fara buɗewa. Wasiƙunku suna isowa, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

A wannan fitowar na san wasu za su yi mamaki, domin ba maganar saurayi ko kishiya ko uwar miji na zo da ita ba. Maganar wasan gem ce. E, gem dai da kuka sani, wanda ƙannenmu maza suke ɓata yini a kansa har sai an yi musu tsawa kafin su tashi aike. Don Allah ƙawata kada ki yi saurin juya shafi, ki bi ni a sannu, domin wallahi rabon da in yi kuka irin wanda wasan nan ya sa ni har na manta. Sai dai ina gargaɗi tun da wuri: zan faɗi ƙarshen labarin dalla-dalla. Wadda take da niyyar yin wasan da kanta, to ta ajiye mujallar nan a ƙarƙashin filo, in ta gama ta dawo mu yi kukan tare.

Yadda abin ya faru shi ne, ƙanena ya zo hutu da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Ni kuwa ba ni da aiki sai tsokanarsa, ina cewa mutum da girmansa ya zauna yana danne-danne kamar yaron goye. Ran nan da yamma sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ke da kike taƙamar littattafanki suna sa 'yan mata kuka, zo ga wani labari nan ki gwada, in kin gama idonki a bushe na yarda ki riƙa kirana duk sunan da kika ga dama." Na ce yaro man kaza, kawo. Ya miƙo mini ɗan abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana dannawa, wanda ni dai linzami nake ce masa. Ƙanwarmu, 'yar wan babanmu da take aji uku na sakandare, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni. Umma tana gefe tana gyaran zogale, ta ce, "Yau kuma abin har ya kai ga manya?"

Sunan wasan Brothers: A Tale of Two Sons, wato labarin wasu 'yan'uwa biyu maza, wa da ƙane. Kamfanin Starbreeze na ƙasar Suwidin ne ya yi shi, ya fito a shekarar 2013, aka kuma sabunta shi a 2024. Wanda ya tsara labarin sunansa Josef Fares. An haife shi a Bairut ta ƙasar Labanan a 1977, yana da shekara 10 iyayensa suka gudu da shi Suwidin saboda yaƙin basasar da ake yi a ƙasarsu. Asalinsa mai shirya fina-finai ne, har yana da wani fim mai suna Zozo na 2005, a kan wani yaro da yaƙi ya koro daga Bairut zuwa Suwidin. Wannan shi ne wasan gem na farko da ya fara yi, kuma a 2014 ya ci kyautar BAFTA ta Ingila a fannin ƙirƙiro sabon salo. Na kawo muku wannan ne don ku san mutumin da ya zauna ya shirya abin ya san mene ne rabuwa da gida tun yana ƙarami.

Wani abin mamaki, a cikin wasan nan kaf babu kalma ɗaya ta Turanci da mutanen ciki suke furtawa, babu kuma fassara a ƙasan allo. Wani yare suke yi na ƙirƙira, wanda aka gina a kan Larabcin Labanan. Umma ma daga inda take sai da ta ɗago ta ce, "Wannan kamar Larabci kamar ba shi ba." Amma duk da haka ba abin da zai shige miki duhu, domin da hannu da murya da yanayin tafiya suke ba da labarin. Ke nan ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane komai.

Labarin yana farawa ne da ƙaramin, Naiee, durƙushe a gaban kabarin mahaifiyarsu. A ruwa ta nutse yana cikin kwale-kwale yana kallo, ya kasa cetonta, tun daga ranar kuma yake tsoron ruwa. Yana nan sai wansa Naia ya ƙwala masa kira: mahaifinsu ba lafiya, rai a hannun Allah. Suka ɗora shi a amalanke suka tura zuwa gidan mai magani. Mai magani ya duba ya nuna musu cewa abu ɗaya ne zai tashe shi, ruwan wata bishiya da ke can nesa, Bishiyar Rai. Ya ba su taswira, yara biyu suka kama hanya.

To ga inda dabarar take, kuma ki riƙe wannan da kyau domin shi ne gishirin zancen. Ke kaɗai ce za ki tafiyar da su duka biyun a lokaci guda. Hannunki na hagu shi ne babban, hannunki na dama shi ne ƙaramin. Kowanne yana da ɗan sandan da babban yatsa ke juyawa don ya yi tafiya, da maɓalli ɗaya da manuniya ke dannawa don ya kama abu ko ya yi magana. Shi ke nan. Da farko kam na sha dariya a wurin yaran nan, domin sai in tura babban gabas ƙaramin ya yi yamma, ko su yi ta karo da bango kamar makafin kaji. Ƙanwata har da riƙe ciki. Amma kafin rabin awa sai hannayena suka saba, na daina tunanin hagu da dama, sai dai in ji ina cewa "zo nan kai babba, kai kuma ƙarami tsaya."

Kowanne da baiwarsa. Babban yana da ƙarfi, shi ke jan manyan ƙarafan buɗe ƙofa, shi ke ɗaga ƙanensa ya kama tsanin da ya yi masa nisa. Ƙaramin siriri ne, yana ratsawa ta tsakanin ƙarafan shinge ya buɗe wa wansa. Halinsu ma ya bambanta: in suka tarar da mutum, babban sai ya fito da taswira ya yi tambaya cikin ladabi, ƙaramin kuwa sai tsokana da ƙyalƙyala dariya. In kuwa aka zo ruwa, ƙaramin ba ya shiga sam, sai ya ɗafe bayan wansa, wan ya yi iyo da shi har su haye. Babu wata matsala a hanyar da ɗaya zai warware shi kaɗai. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to a nan sai ki ga karin maganar da idonki, ki kuma ji ta a yatsunki.

Abubuwan da suka gani a hanya ba za su faɗu duka ba. Sun haɗu da wani ƙaton dodo irin na tatsuniyar mutanen can yana zaune yana kuka an kama matarsa, suka shiga ramin haƙar ma'adinai suka kuɓutar da ita. Sun ratsa daji da dare kyarketai na binsu, babban yana kora su da itace mai wuta, ƙaramin yana manne da shi. Sun tarar da wani bawan Allah da gobara ta cinye gidansa da iyalinsa har ya yanke ƙauna da rayuwa, suka cece shi. Sun buɗe wa wani tsuntsu mai fuskar mujiya keji a gidan ƙattai, ya ɗauke su a bayansa ya tashi da su, sannan ya faɗi don rauni, har muka ɗauka ya mutu. Sun wuce filin da ƙattai suka yi yaƙi, jini yana gudu kamar rafi. A wurare da dama kuma akwai benci, in kin so ki zaunar da su su huta su kalli duwatsu. Ni duk bencin da na gani sai na zaunar da su, ƙanena yana cewa, "Yaya uban fa yana can yana jira."

Can gaba sai suka ceci wata yarinya daga hannun wasu mutane da za su yanka ta don tsafi. Ta shige gaba tana nuna musu hanya cikin ƙasar ƙanƙara. Tun a nan na lura babban ya fara sakin baki, tana yi masa fari yana bin ta, ƙaramin kuma yana nuna shi fa hankalinsa bai kwanta ba, yana nuna wata hanyar daban. Wa bai saurari ƙane ba. Ta ja su cikin wani kogo, suna shiga ta rikiɗe ta zama ƙatuwar gizo-gizo. Ƙanwata ta yi tsalle ta ce, "Na rantse tun ɗazu na san ba mutum ba ce!" Suka yi ta fama da ita, ƙaramin yana bankaɗe ta, babban yana cizge ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Sun ci ƙarfinta, amma kafin ta mutu ta soki babban a ciki.

Daga nan ɗakin ya yi tsit. Umma ma ta ajiye tiren zogale. Ƙaramin ya tallafo wansa suna tafiya da ƙyar har gindin Bishiyar Rai, ya kwantar da shi ya hau shi kaɗai. Ni kuwa a raina cewa nake ai shi ke nan, ga maganin nan a sama, wanda zai tashi uba ai zai tashi ɗa. Na hau da sauri, na ɗebo ruwan, na sauko. Ko da na iso babban ya riga ya cika. Yaron ya ɗura masa ruwan a baki, shiru. Ya jijjiga shi, shiru.

Jama'a, ni marubuciya ce, na kashe mutane a littafi ba ɗaya ba ba biyu ba. Na san yadda ake rubuta "aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa" a layi ɗaya a wuce. To wasan nan bai bar ni na wuce ba. Ni ce da hannuna na dama na ja gawar zuwa bakin ramin, yaron yana tafe yana tangaɗi yana shessheƙa. Ni ce na tura ƙasa, tari bayan tari, har ta rufe shi. In na saki maɓallin yaron tsayawa yake, babu mai yi mini. Hannuna na hagu kuwa yana nan riƙe da linzami, babban yatsana yana kan sandansa yana juyawa don sabo, amma babu abin da yake motsi a allo. Wallahi a nan ne na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Awa kusan uku hannun nan yana da mutum, yanzu ya zama ba kowa.

Ban gama share hawaye ba sai ga tsuntsun nan da muka ɗauka ya mutu ya dawo, alheri danƙo ne. Ya ɗauki yaron ya kai shi kusa da garinsu cikin dare da hadari. Amma tsakaninsa da gida akwai ruwa, kuma babu bayan da zai ɗafe. Mahaifiyarsa ta bayyana gare shi kamar a mafarki tana lallashinsa. Na tura shi da hannun dama, ya je bakin ruwa ya ƙi shiga. Na sake turawa, ya ƙi. Na juya zan tambayi ƙanena, sai na ga wurinsa wayam, ashe tun wajen binnewar ya sulale waje wai ana kiransa a waya. Na zauna ni da linzami. Can dai, ban san dalili ba, manuniyata ta hagu ta danna maɓallin babban, maɓallin mamacin. Sai yaron ya faɗa ruwa ya fara iyo.

Ke dai bari 'yar'uwa. A nan na fashe da kuka sosai, irin mai sauti, har ƙanwata ta tsorata. Ina dannawa ina kuka, yaro yana ninƙaya. Ya haye, ya iso wurin ƙarfen nan da tun farkon wasan ƙarfinsa bai kai ya ja ba, na danna maɓallin wansa, ya ja shi. Ya iso tsanin da sai an ɗaga shi yake kamawa, na danna, ya yi tsalle ya kama. Ya kai ruwan, uban ya tashi. Ƙarshen abin da aka nuna, uba da ɗa suna tsaye a gaban duwatsun kabari biyu, na uwa da na ɗa, uban ya durƙushe yana kuka, ƙaramin yaron nan mai tsokana yana tsaye yana dafa shi.

To abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan, mu huɗu ne muka ga ƙarshen nan, kuma kowa da yadda ya ɗauke shi.

Ƙanwata fushi ta yi, fushi na gaske. Ta ce wannan zalunci ne da cin amana, yaya za a wahalar da mutum tun daga farko sannan a kashe masa wanda ya fi so? Ta ce in ruwan na rai ne me ya hana shi aiki? Washegari da sassafe ta sa aka mayar mata wurin faɗan gizo-gizon, ta yi ta sakewa ko akwai dabarar da za ta kauce wa sukan. Babu. Ƙarshen guda ɗaya ne tak, duk ƙwarewarki ba za ki cece shi ba. Da na ga tana ta fama sai na tuna wasiƙun da kuke aiko mini in na raba masoya a littafi: "Anti don Allah ki fito da na uku ki dawo mana da shi, ko da cewa za ki yi suma ya yi." Da ina karantawa in yi murmushi. Yanzu na gane ba rashin fahimta ba ne, ƙauna ce take neman ƙofa. Ban hana ta ba, na bar ta har ta gaji don kanta ta zo ta kwanta a cinyata.

Ƙanena kuwa, mai cika bakin nan, sai da na matsa masa ya faɗa mini gaskiya: sau uku yana gama wasan, kuma tun bayan na farko bai ƙara iya zama a wurin binnewar ba. Ya ce, "Yaya kada ki faɗa wa kowa." To ga shi na faɗa wa duniya, sai dai ban ambaci suna ba, ya yafe mini. Abin da na lura shi ne mazanmu ma suna da hawaye, wurin zubar da shi ne ba su da shi. Tun suna yara ake ce musu namiji ba ya kuka, sai su koyi fita waje amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Ke mai wa ko ƙane, in kin ga ya yi shiru ya fita, ba kullum ne taurin zuciya ba.

Maganar Umma ce ta fi tsaya mini. Ita ba ta yi kuka ba, ta daɗe dai tana kallon allon, sannan ta ce, "Allah sarki uban nan. Da an tambaye shi, cewa zai yi a bar shi ya tafi a bar masa ɗansa." Ta ɗauki tirenta ta shige. Kun ga mu duka muna kallon yaron ne, ita uban take kallo, mutumin da ya farka ya tarar an sayo masa rai da abin da ya fi ransa tsada a wurinsa. Ni da nake ganin na iya labari, ko kusa hankalina bai kai nan ba. Lallai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Da na ba wata ƙawata labarin kuma, ita wani gefen ta kama. Ta ce, "Ai dama, ko a Turai in za a kawo halaka sai an sa mata fuskar mace." Na ce ina bayanki a wannan, abin ya ɗan sosa mini rai ni ma, duk da dai a cikin labarin akwai uwar da ta dawo lallashin ɗanta, akwai matar dodon nan da ta taimaka musu. Amma ni darasin da na ɗauka bai tsaya kan mace ko namiji ba. Gizo-gizo nawa ne suke yawo da shadda da turare a ƙofar gidajenmu bayan magariba? Kuma sau nawa ƙanwarki ko ƙawarki take ja miki gefen mayafi tana cewa "ni fa mutumin nan bai kwanta mini ba", ki ce yarinya ce me ta sani, ko ki ce hassada ce? Ƙaramin ya nuna wata hanya, ba a saurare shi ba. Ba na ce duk wanda aka kushe miki mugu ne ba, amma wanda yake sonki tun kafin ki iya kwalliya ya cancanci ki tsaya ki ji ta bakinsa.

Saura ni. Me ya sa ni kukan? A daren na kasa barci ina juyi, sai na gane ba yaron Turawa nake yi wa kuka ba. Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin muna firamare akwai wani kwari tsakanin unguwarmu da makaranta, da damina in an yi ruwa yakan cika ya yi gudu. Ni matsoraciya ce, sai in tsaya a baki ina kuka. Yaya takan naɗe zanenta, ta ɗora allonta da jakata a ka, ta durƙusa ta ce "hau", ta goya ni ta haye. Ita ta koya mini haɗa baƙi, ita ta fara ɓoyo mini littafin hikaya a cikin jakarta, in aka kama mu ita ke shan faɗan. Duk layin da na taɓa rubutawa akwai hannunta a ciki.

To wannan Yayar, a lokacin da nake ba ku labari, wata bakwai ba ma magana. Laifina ne, ba zan ɓoye ba. Ta taɓa zaunar da ni ta faɗa mini wata damuwa ta gidan aurenta, irin wadda ba a faɗa wa kowa sai na jiki. Ni kuma da na zo rubuta littafi sai na ɗauki abin na saka, na canza suna da gari, ina ganin ai ba mai ganewa. Ta karanta ta gane, wata 'yar'uwar mijinta ma ta gane. Ta aiko mini da magana mai zafi, ni ma maimakon in ba da haƙuri sai na hau dokin zuciya na ce ai labari na kowa ne, ba ita kaɗai ke da irin matsalar ba. Daga nan kowa ya kama gabansa. A biki mu gaisa sama-sama don idon mutane. Umma ta yi faɗan ta gaji, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, muka ji da kunne kawai.

A daren nan sai na riƙa duban hannuna na hagu. Yaron cikin wasan ba shi da zaɓi, nasa ya tafi, abin da ya rage masa shi ne ƙarfin da wan ya bar masa. Ni kuwa tawa tana nan da ranta, kuɗin mota ɗaya ne tsakaninmu, na ajiye ta kamar wadda aka binne saboda girman kai. Na tambayi kaina, in aka buga waya gobe aka ce ta cika, wannan gardamar ta littafi ita zan riƙa tunawa?

Da gari ya waye na yi wanka na saka mayafi na tafi gidanta, ko waya ban yi ba don kada zuciya ta hana ni. Na yi sallama, ta fito da muciya a hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yau?" Na ce, "Yaya na yi laifi, ki yafe mini." Duk jawabin da na tsara a mota ya gudu, iyakar abin da ya fito ke nan. Ba ta ce ta yafe ba a lokacin, kuma ba ta rungume ni kamar a fim ɗin Indiya ba. Cewa ta yi, "Shigo ki tuƙa mini tuwon nan, bayana ciwo yake." Na tuƙa, muka ci, na yi wa yaranta tsifa. Sai da zan tafi ta rako ni zaure ta ce, "Abin da ya fi yi mini ciwo ba mutane da suka gane ba ne, ke da na ɗauka rijiya ce ashe kwando ce." Na haɗiye, domin gaskiya ta faɗa. Na yi mata alkawarin in za a sake buga littafin zan cire wannan babin, kuma na cire. Wannan ma da kuke karantawa sai da na kai mata ta gani ta ce in buga, da sharaɗin kada in faɗi mece ce damuwar. Har yanzu ba mu koma kamar da ba, amma ranar Juma'ar da ta wuce ita ta fara kirana.

Shi Josef Fares ɗin daga baya ya kafa kamfaninsa mai suna Hazelight, ya ci gaba da yin wasannin da sai mutum biyu sun haɗu ake yin su. Ɗaya daga ciki, It Takes Two na 2021, a kan mata da miji ne da suke shirin rabuwa, kuma shi ya ci kyautar gwarzon wasan shekarar a bikin The Game Awards. Ƙanena ya ce in ya dawo hutu zai kawo mana. Na ce to, amma wannan karon da Yaya za a yi, ta riƙe nata linzamin in riƙe nawa.

Kafin in rufe, 'yan makaranta kada ku je ku ce Anti ta ce a bar karatu a kama gem. Wannan awa uku ne zuwa huɗu ya ƙare, kuma a hutu na yi shi. Akwai wuraren jini da ban tsoro a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne, in za a yi a gida babba ya zauna kusa. Abin da nake roƙonku shi ne kowace ta duba nata hannun hagun. Wace ce ta goya ki kika haye ruwa? Yayarki ce, ko gwaggonki, ko wata babbar aji da ta tsaya miki a makarantar kwana ranar da kowa ya juya miki baya? In tana raye, zumunta a ƙafa take, kada ki jira sai an aiko. In kuma ta riga mu gidan gaskiya, ki yi mata addu'a, ki kuma lura da abubuwan da kike yi yau da kanki waɗanda da sai da ita kike iyawa.

Ina jiran wasiƙunku. Ku faɗa mini wane labari ne ƙarshensa ya taɓa sa ku kuka, a littafi ne ko fim ko wasa, kuma kuna tare da ƙanwata mai cewa zalunci ne, ko kuna ganin gara da aka bar shi haka? Zan zaɓo wasu mu karanta tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, mai ƙaunarku. Ku huta lafiya.